Wi-Fi, Rezon Kamfanin Waya ko Rezo na Kashin Kai: Wanne Ya Dace da Gyaran Injuna Daga Nesa a Arewacin Kamaru?

Idan injin gurzar auduga ya tsaya ana tsakiyar aiki, ko na'urar da ke sarrafa tanderun siminti ta ƙi tashi, asarar kwanakin jira takan fi kuɗin gyaran kansa yawa. Ƙwararren kamfanin da ya ƙera injin yana Turai ko Sin ko Indiya, kuma kafin ya sami biza, ya sauka Duwala ko Yawunde, ya sami jirgin da zai kawo shi Garwa, ko kuwa ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ya ƙarasa da mota, auduga ta yi tudu a fili, manyan motoci sun yi layi a bakin ƙofa. Wannan ne ya sa masu masana'antu suka fara karkata ga gyara daga nesa: makanikin gida ya sa tabarau mai kyamara ko ya riƙe waya, ƙwararren da ke can ƙasar waje yana ganin abin da yake gani, yana kuma zana kibiya ko da'ira da ke bayyana a kan ainihin sashen injin da ake magana a kai. Yankinmu yana da masana'antun da wannan zai amfana, tun daga wuraren gurzar auduga da matsar man angurya na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 kuma hedkwatarsa take Garwa, har zuwa kamfanin siminti na CIMENCAM da ke Figil, da makamantansu a ƙetaren iyaka irin su kamfanin auduga na Cotontchad a Mundu da matatar mai ta Jarmaya kusa da Njamena.

Sai dai duk wannan fasaha a kan rezo, wato hanyar sadarwa, take tsaye, kuma rezon da take buƙata ya sha bamban da wanda ake buƙata a ofis. Mai kallon bidiyo a waya sauke bayanai yake yi, shi kuwa makanikin da ke gaban inji aika hoto yake yi zuwa waje, alhali kusan duk wata hanyar intanet da ake sayarwa an tsara ta ne saukewa ta fi aikawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Hoto mai kyau wanda ƙwararre zai iya karanta lambar da ke jikin ƙaramar na'ura da shi yana buƙatar megabit 2 zuwa 4 a sakan guda na aikawa, wanda ba wani abu ba ne mai yawa, kuma a megabit 3 kiran awa ɗaya bai wuce gigabait 1.35 ba. Wahalar tana wajen ɗorewa. Ƙa'idar G.114 ta Hukumar Sadarwa ta Duniya ta nuna cewa hira tana tafiya daidai ne idan jinkirin isar murya daga wannan ɓangare zuwa wancan bai wuce milisakan 150 ba (milisakan 1,000 ne sakan guda), kuma idan hoton ya makara, da'irar da ƙwararre ya zana takan sauka bayan makaniki ya riga ya kau da kansa.

Ga yadda abin yake a zahiri. Makaniki yana tsaye gaban buɗaɗɗen akwatin wuta, layuka uku na ƙananan na'urori masu kama da juna suna gabansa, injin gefe yana ruri, gumi yana sauka kan gilashin tabarau. Ƙwararren ya ce masa ya auna wutar da ke shiga ta huɗu daga hagu, ya kewaye ta da ja. A daidai lokacin hoton ya sandare na sakan uku, makanikin ya ɗan matsa don ya ba abokin aikinsa hanya, da hoton ya dawo sai jan da'irar ta zauna a kan ta biyar. Wanda ya san aiki zai tsaya ya ce, "Injiniya, a sake nuna mini, hoton ya tsaya," amma ba kullum ake lura ba, kuma a cikin akwati mai wutar bolt 400 kuskuren na'ura ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. A nan ma akwai abin da ya keɓanta da mu: makanikin yana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, ƙwararren kuma wataƙila Jamusanci ko Sinanci ne harshensa, Ingilishin da suka haɗu a kai kuma na kowa ya gurgunce, saboda haka zanen da ke kan hoto shi ne harshen da suka fi dogara da shi, ba kuwa a so ya yi ƙarya.

Zaɓin farko, wanda kowa ke fara gwadawa don ba ya cin kuɗi, shi ne a sa katin MTN ko Orange ko Camtel a waya, ko na Airtel ko Moov Africa ga waɗanda ke Cadi, a haɗa tabarau da ita. A harabar masana'antar da ke cikin gari wannan yakan yi aiki, kuma babu laifi a fara da shi don a ga ko ma'aikata za su karɓi sabon tsarin. Amma da zarar an shiga cikin ginin, rufin kwano da bangon ƙarfe da jikin injuna sukan tare siginar da ke zuwa daga hasumiya, kuma wuraren da injuna suka fi lalacewa, wato ramukan da bel ke bi da ƙarƙashin manyan tankuna da ɗakunan wuta masu ƙofar ƙarfe, su ne wuraren da rezo ya fi mutuwa. Bayan haka hasumiyar ba ta masana'anta ba ce ita kaɗai, ta dukan unguwa ce, ƙarfinta da hantsi daban, da magariba daban, ranar kasuwa kuma daban. Ana iya rage matsalar da kafa eriya mai fuskantar hasumiya a kan rufi, a haɗa ta da na'urar da ke karɓar kati biyu na kamfanoni daban-daban. Wannan dabara ce mai kyau, amma tana magance hanyar fita daga masana'anta ne, ba ta raba rezo a cikin gini. A ganina rezon kamfanin waya ya cancanci zama madogara ta biyu a kowace masana'anta, kuma kuskure ne a mai da shi ta farko.

Zaɓi na biyu shi ne Wi-Fi, kuma a nan ya kamata a daɗe, domin shi ne ya fi dacewa da yawancin masana'antunmu, shi ne kuma aka fi ɓatawa wajen kafawa. Babbar hujjarsa ita ce kusan duk tabarau da waya da kwamfutar hannu da shi aka ƙera su. Tabarau na HoloLens 2 na Microsoft, wanda ya fito a 2019, ba shi da gurbin kati ko kaɗan, Wi-Fi kawai ya sani, kuma tun da kamfanin ya daina ƙera shi a 2024 bai kamata sabon mai saye ya gina shirinsa a kansa ba. Na'urorin RealWear, waɗanda ake maƙalawa a hular kwano kuma ake ba su umarni da murya, su ma da Wi-Fi suke zuwa, sai an ƙara musu wani abu kafin su karɓi kati. Ba a buƙatar sayen zango, wato kason mitar rediyo, daga hukuma don amfani da Wi-Fi a cikin gini, kayansa suna samuwa, kuma akwai matasa a Garwa da Marwa da Ngaundere da suka iya aikinsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ranar da wani abu ya lalace.

Yana aiki a zango biyu. Na gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango da nisa, amma tashoshi uku kacal gare shi waɗanda ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma wayoyin ma'aikata da na'urorin Bluetooth duk a nan suke cunkushe. Na gigahaz 5 yana da tashoshi da yawa kuma ya fi tsabta, sai dai ba ya nisa kuma cikas kaɗan yakan rage masa ƙarfi, don haka yana buƙatar na'urorin watsawa da yawa. Shawarata ita ce a keɓe gigahaz 5 ga aikin gyara, a bar 2.4 ga sauran buƙatu, masana'antar da ke kusa da filin jirgin sama kuma ta guji tashoshin da ake rabawa da na'urorin hangen jirage, domin doka ta tilasta wa Wi-Fi ya sauka daga tashar da zarar ya ji su, kiran kuma ya yanke. Wi-Fi 6, wanda aka fara tantance kayansa a 2019, ya fi magabatansa iya raba lokaci tsakanin na'urori masu yawa, kuma shi ya kamata a saya yanzu. Wanda ake kira 6E ya ƙara zangon gigahaz 6, amma kafin a biya kuɗinsa sai a tambayi hukumar kula da sadarwa, wato ART a Kamaru ko ARCEP a Cadi, matsayin wannan zango, a kuma duba ko tabarau ɗin da aka saya ya san shi.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen kafawa. Ana ɗauko na'urar ofis a maƙala a can ƙololuwar rufi, inda zafin kwano a watan Maris da Afrilu ya zarce na waje, alhali na wajen ma ya haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga kaɗar auduga da ke toshe kowace kafar iska. Irin wannan na'ura ba ta daɗewa. Abin da ake buƙata shi ne na'ura rufaffiya mai lambar kariya daga ƙura da ruwa ta IP65 ko sama da haka, wadda takardarta ta nuna tana jure digiri 55 ko 60, a kafa ta ƙasa-ƙasa inda za ta ga mutum, ba bayan bututun ƙarfe ba. Kuskure na biyu shi ne gudun jan waya. Masu kwangila sukan so na'urorin su riƙa miƙa wa juna sigina ta iska saboda ya fi sauƙi, amma idan rediyo ɗaya ne ke karɓa yana kuma miƙawa, kowane tsalle yana rage kusan rabin ƙarfin kuma yana ƙara jinkiri. Kowace na'urar watsawa ta cancanci wayarta, wadda za ta kawo mata bayanai da wuta tare. Wayar tagulla iyakarta mita 100, abin da ya wuce haka, ko ya ratsa kusa da manyan injunan lantarki da wurin walda, ko ya haɗa gini da gini, sai wayar fayiba mai ɗaukar bayanai da haske, wadda hayaniyar lantarki ba ta damunta kuma ba ta ɗaukar tsawa daga wannan gini ta kai wancan, abin da duk wanda ya ga damina a yankin Binuwai zai fahimci darajarsa.

Raunin Wi-Fi na asali shi ne tafiya. Na'urar da ke jikin mutum ita ce ke yanke shawarar lokacin da za ta saki wannan na'urar watsawa ta kama waccan, kuma wasu sukan maƙale wa ta nesa har sai hoton ya mutu. Ƙa'idojin 802.11k da 802.11v da 802.11r an yi su ne don sauƙaƙa wannan sauyi, kuma wajibi ne a kunna su a kuma gwada da ainihin tabarau ɗin da za a yi aiki da shi. Masu aikin sun saba neman ƙarfin sigina da bai gaza -67 dBm ba a duk inda za a yi kiran murya ko hoto. Awon kuma a yi shi injuna suna aiki, dilolin auduga ko buhunan siminti suna jibge a inda suka saba zama, domin zauren da aka auna babu kowa ranar Lahadi wani zaure ne daban da na ranar Talata a tsakiyar kaka. Kuma ba dole ba ne a rufe dukan masana'anta da rezo. Shugaban sashen gyara yana da littafin da ke nuna injunan da suka fi tsayawa da waɗanda ba a iya gyara su sai da taimakon waje, kuma a kewayen waɗannan ne ya kamata a fara zuba kuɗi.

Zaɓi na uku shi ne masana'anta ta kafa rezon waya na kashin kanta, 4G ko 5G, da ƙananan hasumiyoyinta da katunanta. Ta fuskar fasaha wannan ya fi Wi-Fi a abubuwa uku. Tasha ɗaya tana rufe filin da zai ci na'urorin Wi-Fi masu yawa, rezon ne da kansa ke kula da sauyi daga tasha zuwa tasha don haka mai tafiya a mota ko a ƙafa ba ya yankewa, sannan ana iya ba kiran gyara fifiko a kan komai, a kuma ƙara wa aikawa kaso fiye da yadda kamfanonin waya ke yi. Masu talla sukan kawo misalin Jamus, kuma gaskiya ne cewa tun 2019 hukumar can ta ware zangon gigahaz 3.7 zuwa 3.8 don masana'antu su nemi lasisi kai tsaye, Amurka ma tana da makamancin tsarin, mai suna CBRS, a gigahaz 3.55 zuwa 3.7. Abin da ba sa faɗa shi ne cewa wannan rangwame na waɗancan ƙasashe ne. A nan zangon waya yana hannun hukuma da kamfanonin da ta ba lasisi, don haka matakin farko shi ne zama da hukumar ko da ɗaya daga cikin kamfanonin, kuma duk wanda ya kawo takardar farashi ba tare da ya nuna a wane zango kayan za su yi aiki da izinin wa ba, bai gama aikinsa ba.

Akwai kuma nauyin da ke biyo baya. Rezo na kashin kai yana da cibiya da ke buƙatar mai kula da ita, kuma idan ta sami matsala, mai yiwuwa masanin da zai duba ta shi ma yana nesa, sai a wayi gari abin da aka kafa don gyara daga nesa shi kansa yana jiran gyara daga nesa. Tun da yawancin tabarau ba sa karɓar kati, makaniki zai riƙa ɗaukar wata ƙaramar na'ura a aljihu ko a ɗamara wadda ke karɓar 4G ta mayar Wi-Fi, wato ƙarin batir ɗaya da zai iya mutuwa ko ya yi zafi. Inda nake ganin wannan zaɓi ya ci kuɗinsa shi ne wurare masu faɗi a waje: ramin haƙar dutse da ke ciyar da kamfanin siminti, gonakin rake irin na Banda kusa da Sarh, rijiyoyin mai na yankin Doba, ko filin ajiya mai faɗin da jan waya zuwa kowane lungu ba zai yiwu ba. A irin waɗannan wurare ma 4G ya wadatar, domin kira biyu ko uku na megabit 4 ba su kai abin da za a nemi 5G saboda su ba. Ga zauren gurzar auduga ko na matsar mai, kuɗin da za a kashe a rezo na kashin kai ya fi amfani idan aka sayi Wi-Fi mai kyau da rabinsa, sauran kuma aka zuba shi a hanyar fita da wutar lantarki.

Hanyar fita kuwa ita ce ke yanke hukunci, domin rezon cikin gida komai kyansa a bakin ƙofa yake tsayawa. Fayiba ita ce ta fi, kuma Camtel ce ke riƙe da babban layin ƙasa da ya haɗa arewa da gaɓar teku, inda wayoyin ƙarƙashin ruwa suke sauka, SAT-3 a Duwala, WACS a Limbe, da SAIL da ta haɗa Kiribi da Barazil tun 2018. Haske a cikin fayiba yana cin kimanin milisakan 10 zuwa da dawowa a kowane kilomita 1,000, saboda haka nisan Garwa zuwa teku da na teku zuwa Turai ya riga ya ci wani kaso na jinkirin da za a iya jurewa tun kafin a ƙara na cikin gida, wannan kuma ƙarin dalili ne na ƙin yarda da tsalle-tsallen iska a cikin masana'anta. A nemi layi na musamman wanda aikawa da saukewa suke daidai, ko da ƙarami ne, domin megabit 10 tabbatattu sun fi 100 da ake rabawa da unguwa. Amma fayiba tana yankewa, masu aikin hanya sukan tono ta, kuma a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace lokaci guda a gaɓar yammacin Afirka, intanet ya katse ko ya yi rauni a ƙasashe da dama. Cadi, wadda ba ta da teku kuma babban kason intanet ɗinta ta Kamaru yake bi, ta fi kowa sanin wannan.

Tauraron ɗan adam iri biyu ne kuma bambancinsu babba ne. Tsohon nau'in yana tsaye a nisan kilomita 35,786, saƙo kuma sai ya hau ya sauka sau biyu kafin amsa ta dawo, abin da ke kai jinkiri kusan milisakan 600. Da shi ana iya aika hoto da takardu, ana iya magana idan kowa ya yi haƙuri ya jira ɗan'uwansa, amma zane a kan hoto mai motsi ba ya daidaita. Sabon nau'in, irin na kamfanin Starlink, yana shawagi a kimanin kilomita 550, jinkirinsa kuma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba, ya isa a yi aikin sosai, ko da yake ruwan sama mai ƙarfi irin na Agusta yakan raunana shi na ɗan lokaci. Matsayinsa a doka ya bambanta tsakanin ƙasashen biyu: Cadi ta ba shi izini a ƙarshen 2024, a Kamaru kuwa hukumar kwastan ta ba da umarnin kama kayansa a 2024 saboda rashin lasisi, don haka kamfani mai rajista ya tabbatar da halin da ake ciki a rubuce kafin ya saya.

Wutar lantarki ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ke zaune a arewa. Madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda aka gama a farkon shekarun 1980, ita ce ginshiƙin wutar yankin, kuma idan ruwa ya ja baya kowa yana ji a jikinsa. Janareta yakan ɗauki wasu sakanni kafin ya karɓa, na'urorin rezo kuwa idan suka mutu sukan ɗauki mintuna kafin su dawo, saboda haka dole kowane akwatin rezo ya kasance a kan batirin ajiya. Tun da na'urorin watsawa ta wayar bayanai suke samun wuta, batir ɗaya a akwatin ya wadatar da duk waɗanda ke rataye da shi. Batirin kuma a ajiye shi inda iska ke shiga, domin zafi yana rage masa kwana.

Abu biyu suka rage waɗanda ba su shafi ƙarfin sigina ba amma suna iya soke zaɓi gaba ɗaya. Na farko, a raba rezon tabarau da rezon kwamfutocin da ke sarrafa injuna, kada wayar baƙo ko ta ma'aikaci ta sami hanyar isa gare su, kuma idan mai ƙera injin yana son shiga cikin kwamfutar injin daga nesa, wannan ƙofa ce daban da ake buɗewa da izini a rufe bayan an gama. Na biyu ya shafi wuraren da iska ke iya kamawa da wuta. A sashen da ake tatsar mai daga angurya da sinadarin hekzan, da matatun mai, da ɗakunan da ƙura mai kamawa ke taruwa, ba a shiga da waya ko tabarau na yau da kullum, ba a kuma kafa na'urar watsawa sai mai shaidar ATEX ko IECEx, wato shaidar cewa ba za ta tayar da gobara ba, da ta dace da matakin haɗarin wurin. RealWear ya ƙera samfurin HMT-1Z1 don irin wannan wuri, farashin irinsa kuma ya fi na sauran sosai. Idan kuɗin bai kai ba, a kafa eriya mai fuskantar wurin daga wajen iyakar haɗari, a sayi na'ura guda mai shaida a ajiye ta a hannun shugaban sashen, a rubuta sunan duk wanda ya karɓa da lokacin da ya dawo da ita.